Inna Saratu da Tauraruwa Mai Wutsiya

Inna Saratu ce ta fara ganinta a gidan. Ta fito da buta za ta yi alwalar asuba, ta ɗaga kai wajen gabas, sai ga tauraruwa da doguwar wutsiya fara sol a saman mangwaron maƙwabta. A farkon bazarar 1976 ne, a Tudun Wada. Ta yi salati, ta koma ɗaki. Tun tana yarinya take jin cewa idan wannan tauraruwa ta fito, wani babba zai rasu, ita kuwa ba ta san wanda ya girme ta a layinsu ba.

Kafin ɗanta Muntaka ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, Inna ta fara rabon kaya. Ta ba surukarta Atika tasoshinta na tagulla, waɗanda ba ta barin kowa ya taɓa. Akuyarta kuma ta sa aka ja ta gidan Sabo tela.

Muntaka ya jingine sabon babur ɗinsa a zaure, ya shiga ya tarar da matarsa gaban tasoshi tana share hawaye, Inna na ninke zannuwa.

"Inna, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Sallama nake yi da ku, tauraruwar ta fito."

Dariya ta zo masa, ya danne. Washegari da asuba, da ya dawo daga masallaci, ya roƙe ta ta fito tsakar gida. Ya ajiye fitilar ƙwai a ƙasa, ya ce, "Mu ce wannan ce rana." Ya ɗauki kara ya zana da'ira kewaye da ita. "Nan duniyarmu take bi, shekara guda ta zagayo." Sannan ya ja layi tun daga gindin fitilar har bakin zaure, ya karyo, ya dawo ta ɗaya gefen.

"Ita kuwa baƙuwar, ga hanyarta. Daga can nesa take tahowa, ta kewaye rana, ta koma. Tun ba a haifi kakanninmu ba ta kamo hanya. Ba ta san da zaman Tudun Wada ba."

Inna ta ce, "Da me aka yi ta?"

"Ƙanƙara ce da ƙura, Allah ya dunƙule su wuri ɗaya."

"Ƙanƙara kusa da rana? Ai narkewa za ta yi."

"Narkewar kike gani, Inna. Wutsiyar nan tururinta ne da ƙurarta, hasken rana ke tura su baya."

Inna ta daɗe tana kallon sama. Can ta ce, "Ashe ita ce ba ta da lafiya, ba ni ba. Allah sarki."

Da hantsi ta yafa mayafi ta nufi gidan Sabo tela. Ta same shi ya sayo dusa har ya kafa wa akuyar turke. Ta ce ta zo ɗaukar akuyarta.

Sabo ya ce, "Inna, ai jiya kika ce kin ba ni."

"Na ba ka ne a kan zan tafi. An ɗaga tafiyar."

Sabo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kwance akuyar, ya haɗa mata da dusar. Tasoshin kuwa ta karɓi abinta, ta bar wa Atika guda, wai ladan kukan da ta yi.

Daga nan kullum asuba matan layin kan shigo kallo, Inna na tsakiyarsu da kara a hannu tana zana musu hanya a ƙasa. Wata ta ce ita dai tsoro take ji, Inna ta ce wa zai ji tsoron abin da ke narkewa.

Tauraruwar ta riƙa dusashewa, har wata safiya suka nema suka rasa.

Inna ta tambayi ɗanta, "Yaushe za ta dawo?"

"Masana sun ce sai bayan dubban shekaru."

"To, Allah ya kai ta lafiya. Ni ba zan jira ta ba."

Ta kira Atika ta ɗora ruwan koko, don baƙin asuba ba su karya ba.