Injin da ba ya tambayar sunan miji

Ni dai da Lidiya ta ce mini karatun inji mai ƙwaƙwalwa take yi a jami'a, ban gane komai ba, na ce Allah shi taimaka. Autata ce. Abin da na gane ɗaya ne: in ta ci jarrabawar ƙarshe, biro, wato ofishin raba hatsi na nan Tawa, zai ɗauke ta aiki, in ta faɗi kuwa, ƙanen babanta na jiran ta a Abijan. Yayyenta duk sun watse kudu, ita kaɗai ta rage mini.

Shekarar da ta bi yunwar tamanin da huɗu ce ta dawo gida yin istaj, wato gwajin aiki. Biron ya samo injin nan guda, an lulluɓe shi da zane sai ka ce jinjiri. Aikinta ta rubuta mishi umarni yadda zai san kowane gida, kar a tsallake wani, kar a ba wani sau biyu.

Ran farko ta dawo fuska kamar an aiko mata da mutuwa.

"Mama, Musye Rissa ya hana mu taɓa inji sai mun zauna da mutanen da za a yi ma aikin."

Musye Rissa malaminsu ne. Na ce, "To, shi ya san abin da ya taka. Ci tuwonki."

Haka ta yi ta bin motar hatsi zuwa Kalfu da Bambeye, tana zama cikin mata a layi, ta dawo futu-futu. Mazan ƙauyukan sun tafi cin rani, mata ne ke karɓa. Bayan nan ta duƙufa a kan takarda a tsakar gida. Wai a jami'arsu inji ɗaya ne ga ajin duka, don haka an koya musu su rubuta da hannu, su bi layi-layi kamar su ne injin, kafin a ba su dama. Har ni ta mayar inji! Ta ce in dama fura, amma kar in yi komai sai abin da ta faɗa. Ta ce zuba nono, ba ta ce a ƙwarya ba. Na ɗaga kwanon zan zuba a ƙasa, ta yi ihu, muka yi ta dariya har Malam, babanta, ya leƙo daga ɗaki.

Ranar jarrabawa Musye Rissa ya zo biron da kanshi, dogo siriri, rawani har hanci. Na fake da kai mata abinci na laɓe bakin taga. Ga soja tsaye a ƙofa, ga mata a layi har bakin titi.

Musye Rissa bai karɓi matar da aka shirya don a gwada injin da ita ba. Ya fita layi ya zaɓo wata mata mai goyo, Habsatu daga Kalfu, katinta ya ɓace. Ya ce mata, "Baiwar Allah, mene ne sunan mai gidanki?"

Habsatu ta ja gyale ta rufe baki, ta dubi ƙasa.

"In ba suna, ba hatsi," in ji sojan.

Habsatu ta fara hawaye. Wayyo, na ce shi ke nan, ɗiyata ta tafi Abijan.

Lidiya ko a jikinta. Ta jawo mata kujera ta ce, "Zauna, Inna, bar wannan. Wace unguwa kike?" Ta faɗa. "Wa ya haife ki?" Ta faɗa. "Wannan na bayanki fa, ba shi ne na fari ba ko?" Habsatu ta yi ɗan murmushi ta ce a'a, sunanshi Musa. Lidiya ta daddanna, injin ya yi ƙugi, rubutu kore ya fito. Ita ta karanto sunan mijin da bakinta, Habsatu ta gyaɗa kai kawai. Aka auna mata rabonta.

Musye Rissa ya tambaya, "Wa ya ce ki cire sunan mai gida daga farko? A takardar biro shi ne a sama."

"Kai ka ce mu tambayi abin da mutum zai iya amsawa, Musye."

Bai yi dariya ba, irinsu ba sa yi. Ya dai sa hannu ya ce da shugaban biron, "Ku riƙe ta." Ni kuwa guɗa ta kuɓuce mini a bakin taga, har sojan ya waiwayo. Daɗi kamar ya kashe ni.

A hanyar gida na ce mata lalle zaman Kalfu ya yi rana.

"Kalfu ta tuna mini ne, Mama. Ni tun da nike, na taɓa jin sunan Baba a bakinki?"

Na ce, "Ke, rashin kunya za ki yi mini a titi? Riƙe kwanon nan, gobe da sassafe kina da aiki."