Jawabin Mahaifiyar Ɗigo a Majalisa

Mai Firji ba mutumin taro ba ne. Shagonsa yana ƙarƙashin wani bene, cike da firji da na'urorin sanyaya ɗaki da suka mutu, kuma ya fi jin daɗin zama da su a kan zama da mutane, don in firji ya yi gurnani ya san abin da ke damunsa. Matarsa ce mai zuwa taron iyaye a makarantar 'yarsu. Ita ke cika takardu, ita ta san wane malami ne mai faɗa, wane ne mai barci a aji. Da ta rasu, shekara uku ke nan, sai aikin ya faɗo kansa. Yakan je ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa tokare da teburin yara, in an ce a ɗaga hannu ya ɗaga.

Shugabar ƙungiyar iyayen wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da kowa ke kira Anti Nas. Ita ta zo musu da labarin ƙudurin dokar da ke gaban majalisar jiha. Duk makarantar gwamnati da ɗalibanta ba su kai ɗari uku ba za a rufe ta, a mayar da yaran wata, kuɗin da ake kashe mata kuma a raba wa makarantu masu zaman kansu a matsayin tallafi. Tasu makarantar ba ta kai ba, saura kaɗan. Wadda za a mayar da su kuwa tana can bayan babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba birki.

"Ranar Laraba kwamitin ilimi zai saurari jama'a," in ji Anti Nas. "Minti uku-uku za a ba kowa. Mai Firji, na sa sunanka."

"Anti, ni ban iya magana ba."

"Ka iya faɗa wa mutane firjinsu ya mutu ba su zage ka ba. Ka iya magana."

Su tara suka tafi, a motar ɗaya daga cikin iyayen mai jigilar burodi. Suka isa ƙarfe tara da rabi na safe, aka caje su a ƙofa, aka nuna musu ɗaki a hawa na biyu. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Sanyi ya yi yawa, kuma Mai Firji na shiga ya ji na'urar da ke kusurwar hagu tana wani kuka siriri, irin na injin da ya kusa ƙonewa.

Sun ɗauka su ne za su fara zuwa, sai suka tarar da mutum kusan arba'in sun cika kujerun gaba, maza da mata, kowa da farin fayil a cinya. Ba mai magana da na kusa da shi, ba mai duba waya, ba mai tari. Da ƙofa ta yi ƙara sai duk suka juyo lokaci guda, suka kalle su, suka mayar da kai gaba. Mai motar burodi ya raɗa wa Mai Firji cewa ko a wajen zaman makoki ana samun mai soshe-soshe. Ba wanda ya yi dariya.

'Yan majalisa biyar suka shigo. Shugaban kwamiti ya buɗe zama, sakatarensa, wani siririn mutum mai tabarau, ya fara kiran suna daga takarda. Masu farin fayil ne a sama. Ɗaya bayan ɗaya suke tashi, kowa ya ce shi uba ne ko uwa a makaranta kaza, ya ce rufin aji na yoyo, malamai ba sa zuwa, gara a rufe a ba yara tallafi. In mutum ya gama, sauran su tafa sau uku su tsaya cak tare.

A na bakwai ne sakataren ya kira sunan matar Mai Firji. Cikakken sunan, har da na mahaifinta.

Da farko ya ɗauka suna ne ya zo ɗaya. Wata doguwar mace ta miƙe daga layi na biyu. Ba ta kama da matarsa ko kaɗan. Matarsa gajeruwa ce mai saurin tafiya. Doguwar ta tsaya gaban makirfo, ta faɗi sunan makarantarsu, ta ce 'yarta na aji huɗu.

"A gida Ɗigo muke ce mata," in ji ta, "don da aka haife ta ba ta fi tafin hannun babanta biyu ba. Ba ta da surutu. In ta yi shiru kada a matsa mata, ba taurin kai ba ne, tunani take yi. Ɗigo ta cancanci makarantar da ta fi wannan. Ina roƙon ku amince da dokar nan."

Aka tafa sau uku.

Mai Firji ya zuba wa matar ido. Ko malaman makaranta ba sa kiran yarinyar Ɗigo. Zancen shirunta kuwa, da waɗannan kalmomin daidai matarsa ke faɗa wa dangi in sun ce yarinya ba ta gaisuwa. Muryar ba tata ba ce, amma inda matar ta ɗan tsaya kafin ta ce "tunani take yi", nan ita ma take tsayawa. Anti Nas, wadda da hannunta ta rufe wa marigayiyar ido a asibiti, ta kama hannun rigarsa ta riƙe.

Shugaban ya ba da hutun minti ashirin. Masu fayil suka fita a jere. Mai Firji ya bi su. Ya tarar da matar ita kaɗai a matakalar baya, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Baiwar Allah, sannu."

"Yauwa, sannu."

"Ni ne baban Ɗigo."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi saman matakalar, ta dubi ƙasa. "Malam, ni ba ruwana. Takarda aka ba ni aka ce in haddace. In maman tata ta ji haushi ka ba ta haƙuri."

"Ta rasu. Shekara uku."

Matar ta sa takalminta a hankali. Can ta ce ita wanki da guga take yi a wani otal, aikin ya tsaya, wata maƙwabciyarta ta haɗa ta da wani mutum mai neman waɗanda suka iya karatu da baki mai daɗi. Wannan ne karo na uku da ta zo ginin nan. Ta taɓa zama uwar wani yaro mai ciwon asma, ta taɓa zama kakar wasu marayu.

"Waɗancan da safe na haddace su, kafin yamma na manta," in ji ta. "Wannan kuwa karantawa ɗaya na yi ta zauna. Jiya ina shanya na ji bakina yana faɗa shi kaɗai. Har 'yata ta ce, Umma, wace ce Ɗigo?"

Ta buɗe fayil ɗin. A sama akwai jawabin da aka buga da inji. A ƙarƙashinsa akwai kwafin wata takarda, ya gane ta tun kafin ta miƙo: fom ɗin shiga aji ɗaya, da rubutun matarsa mai karkata hagu. A wurin da aka ce a rubuta abin da ya kamata malami ya sani game da yaro, ta cika layukan har ta gangara gefen takarda. An bi wasu layuka da jan biro an ja musu layi a ƙasa, su ne matar ta karanta. An soke layi biyu na ƙarshe, amma ana iya karanta su.

"Ka riƙe," in ji matar. "Ni ba zan koma ciki ba. Ana ƙirga mu a mota, amma zan ce cikina ne ya murɗa." Ta sauka matakala biyu ta tsaya. "Tana cin abinci dai, yarinyar?"

"Tana ci."

"To." Ta wuce.

Da aka dawo, kujerarta a layi na biyu ba kowa, kuma ba wanda ya kalli wajen. Aka ci gaba da kira. Sai wajen ƙarfe ɗaya aka zo kan mutanen Anti Nas, lokacin biyu daga cikin 'yan majalisar sun fita, ɗaya yana danna waya. Aka kira Mai Firji. Ya bar takardar da Anti ta rubuta masa a aljihu.

"Ranka ya daɗe, ɗazu matata ta yi magana a nan, ita ce ta bakwai. Ni na binne ta shekara uku da suka wuce."

Mai danna waya ya ɗago kai.

"Abin da aka karanta muku rubutunta ne, daga fom ɗin makaranta. Ban san yadda ya fito daga ofishin hedimasta ba. Amma ba a karanta muku duka ba, ga sauran." Ya ɗaga kwafin fom ɗin kusa da ido. "Ta ce: tana tsoron titi ƙwarai, ko ƙaramin titin gaban makaranta sai an riƙe mata hannu. Don Allah kada a sallame ta sai ni ko babanta mun zo." Ya ninke takardar. "Makarantar da za ku kai su tana bayan babban titi. Ni kaɗai ne yanzu, kuma ina shago har yamma. Rufin ajinsu yana yoyo, gaskiya ne, a gyara mana. Abin da na zo faɗa ke nan."

Minti ɗaya da rabi ya yi. Da ya juyo, masu farin fayil suna kallon gaba kamar ba a yi magana ba. Shugaban kwamitin ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko akwai wani a cikin waɗanda suka yi jawabi da zai iya faɗin sunan malamin ajin ɗansa. Shiru. Sai wani mutum mai shuɗiyar riga da ke tsaye bakin ƙofa ya ɗan ɗaga yatsa, su duka suka miƙe suka fita a jere, ba gaggawa, kowa da fayil ɗinsa.

Aka ɗage zaman. Daga baya hedimasta ya gaya wa Anti Nas cewa watanni biyu kafin nan wasu mutane sun zo da wasiƙa mai hatimi, suka ce ƙididdiga suke yi, suka ɗauki hoton fom ɗin kowane yaro. Ya kira lambar da ke jikin wasiƙar, ba ta shiga. An ce za a yi bincike, ba a sake jin zancen ba. Dokar ta kwana wata biyar, sannan ta wuce da gyara: ba za a rufe makarantar da yaranta za su tsallaka babban titi ba. Tasu ta tsira, wasu huɗu ba su tsira ba. Rufin kuma iyaye ne suka hau suka lilliƙe shi da kansu.

Da rahoton kwamiti ya fito, Anti Nas ta kawo masa shago. A shafi na goma sha biyu ga sunan matarsa cikin iyayen da suka goyi bayan doka. Ya rufe shago ya koma majalisa, ya sami sakataren mai tabarau a wani ƙaramin ofis cike da fayil har rufi.

"A cire sunanta."

"Malam, na tausaya maka, ina wajen. Amma ƙa'ida ita ce, wanda ya ba da jawabi shi kaɗai ke iya janye shi. Sai ta zo da kanta ta sa hannu."

"Ga takardar shaidar rasuwarta."

Sakataren ya karanta ta tsaf, ya mayar masa da hannu biyu. "Wannan ta nuna ta rasu. Tawa kuma ta nuna ta zo ranar Laraba ta sa hannu ƙarfe takwas da kwata. Ni ba ni da ikon zaɓar ɗaya."

Ya nuna masa rajistar. Sa hannun ya karkata hagu. Mai Firji ya san daga fom ɗin aka kwaikwaya, ya faɗa wa kansa haka sau da yawa a hanyar komawa.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo shagon da sunanta. Kwamitin ilimi na gode mata bisa gudummawar da ta bayar, yana kuma gayyatarta zaman sauraron jama'a kan kasafin makarantu na sabuwar shekara, an riga an sa ta a jerin masu magana. Bai nuna wa Ɗigo ba. Ya kai wa Anti Nas, ta karanta a tsaye, ta ce za su je.

Wannan karon su ashirin da shida suka tafi, har da iyayen makarantun da aka rufe. Suka riga kowa shiga, suka zauna a gaba. Sakataren ya zo kan sunanta, ya kira. Ba wanda ya motsa. Ya sake kira. A can layin baya wata mace da Mai Firji bai taɓa gani ba, gajeruwa, ta dafa kujera ta fara miƙewa. Su ashirin da shida suka juya suna kallonta. Ta tsaya rabi a tsaye, bakinta na motsi kaɗan-kaɗan, sannan ta koma ta zauna. Sakataren ya yi wata alama a takardarsa ya kira na gaba.