Tafin Alkama a Garin Masarar Rimsha

Ni Sardaran ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau yake. Abin da likita ta faɗa a asibitin birnin Lahor, bayan sun ɗebi jinin jikata Rimsha sun zura mata roba ta maƙogwaro, na ji shi tas: alkama ce ke cin hanjin yarinyar, ko ƙurarta kada ta shiga bakinta, har ƙarshen rayuwa.

Da na dawo gida na kyautar da tsohon kaskona, na sayi sabo. Ni ma na bar alkama na koma masara da gero da shinkafa, don kada ta ga ina cin roti, gurasarmu ta alkama, tana haɗiyar yawu. Yarinyar da uwarta ta rasu ta bar min ita kamar tsinke, sai ga kumatu, har tana kora ɓaunar da muke kiwo zuwa kududdufi da gudu.

Da farko garin masara na leda ubanta ke aiko mana daga birni. Da muka girbe tamu masarar, sai na kai wa Sharafat mai injin niƙa, na ce a ƙaramin injin zai niƙa, wanda ba a zuba masa alkama. Ba a jima ba zawo ya dawo, ciki ya kumbura, ido ya faɗa. Matan layinmu suka ce ai tausayi ne ya ci Sardaran, tana ba ta roti a ɓoye. Maganar ta kai birnin Faisalabad, inda ɗana Tanwir, uban yarinyar, ke aikin masaƙa, ya iso da jaka babu komai a ciki.

"Inna, zan kai ta wajen ƙanwar uwarta. Can za a lura da ita."

"Ni kuma fa, gawa ce?"

"Ban ce ba. Amma kin san halinki, ba kya iya kallon yaro na kuka."

Rimsha ta shige bayana ta riƙe gyalena. Na shiga kicin in yi mata abin da za ta ci a hanya, na zuba wa garin masarar ruwan zafi na kwaɓa. Da na ja ƙullin sai ya biyo hannuna. Masara zalla ba ta danƙo, gefenta tsagewa yake, sai ka yi ta lallaɓa ta da tafi. Ni kuwa tun girbi nake yabon hannuna, ina cewa ya faɗa.

Da ƙullin a hannu na isa injin, mata sun yi layi da buhunansu.

"Kai Sharafat, kashe wannan abin! Me ka zuba min a gari?"

"Goggo, lafiya? A ƙaramin na niƙa, kamar yadda kika ce."

"Ban tambaye ka inji ba, mai kan tulu. Me ka zuba?"

Ya yi murmushi, wai shi mai abin kirki. "Ai alheri na yi miki. Duk tsohuwar da ta kawo masara nakan watsa mata tafi guda na garin alkama, don kada kwaɓi ya ba hannunta wuya. Haka babana ke yi. Tafi guda me zai yi wa mutum?"

Na dangwara masa ƙullin a ƙirji. "Zo ka ga abin da ya yi. Ku ma masu dogon baki ku biyo mu, tunda ba ku da aikin yi."

Ya biyo ni fari fat da gari har gira. Da ya ga Rimsha zaune a gadon igiya, hannu kamar sillen kara, murmushin ya gudu. Ya tsuguna a gabanta.

"'Yar nan, ni ne. Ba kakarki ba ce."

Ta dube shi ta ce, "Kawu, ka yi kama da aljani."

Matan da ke bakin ƙofa suka yi dariya, shi kuwa hawaye ya wanke masa layi biyu a fuska. Ya maimaita wa Tanwir komai, ya yi rantsuwa masarar Rimsha ba za ta sake kusantar buhun alkama ba. Na ce ban yafe ba tukuna, sai ya faɗa a masallaci bayan Juma'a, mazan matan nan su ji su kai gida. Ya ce zai faɗa.

Da aka watse, Tanwir ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Sannan ya zauna a gaban gadon ya ja ƙafata yana matsa min, kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi.

"Bayan sallah zan zo mu koma a sake gwada jininta," ya ce.

"Mu uku?"

"Mu uku, Inna. Mu dawo da ita nan."

Na miƙa masa ɗaya ƙafar. Na ce wa Rimsha ta ɗebo shinkafa ta tsince, tunda garin nan kaf ɓauna ce za ta cinye shi.