Rubutun da ke Bayan Surukata

Wani mafarki na yi daren jiya, wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya. Da ma da abu a raina na kwanta: kwana biyu ke nan ɓarayin intanet sun shiga kwamfutar ɗakina na gwajin jini sun kwashe sakamakon mutane, ni kuwa na yi gum, ko matata ban gaya wa ba.

Sai ga ni a wani gari da inuwa ke yin gaba, mai ita na bin ta yana ba ta haƙuri. A kasuwa duk wanda ya juya baya sai in ga sakamakon gwajinsa rubuce a rigarsa. Shi bai sani ba. Jama'a na karantawa suna ƙus-ƙus, wani har da ɗauko tabarau.

Kawai sai ofis. Hawainiya ce a kujera, ta kashe ɗauri, ido ɗaya a kaina ɗaya a kan agogo. Ta ce doka ta ba ni kwana uku in sanar da hukuma da masu abin, ga shi na cinye biyu. Ta ciro na ukun daga durowa, ta naɗe mini a jarida kamar tsire, ta ce kowace gaisuwa yanka ɗaya take ci.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba a turawa ta waya?"

"Wayoyi sun tafi kiwo," in ji ta.

Gidan farko na surukata ne, Hajiya Yalwa, wadda ta yi gwaji a wurina ta roƙe ni kada ko 'ya'yanta su ji tana da ciwon hanta. Tun daga zaure na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya maƙwabta. To wa zai buɗe baki gaban suruka ya fara da mugun labari? Na gaida randa, na gaida turmi, turmin ma ya amsa. Ina jin ƙunshin yana ƙanƙancewa a hannuna.

Ta ce za ta gidan suna, ta miƙe, mayafinta ninke a hannu. Ga rubutun nan ɓaro-ɓaro a bayanta, har da hatimina. Na bi ta a guje, amma bakina ya ƙi fitar da komai sai "a sauka lafiya".

Sai ga mu a tsakar gidan sunan. Mata suna janye kwanukansu daga gefenta, suna matsawa a hankali. Ta waiwayo, ba faɗa ba tsawa.

"Malam, ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai da ka faɗa mini, da na yafa mayafina."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Ko kokon safe ban tsaya sha ba, na sa hula na nufi gidanta, ina ta gaya wa kaina a hanya: Sabi'u, gaisuwa ɗaya tak.