Kujerar Hagun Mai Piyano

Choji bai taɓa jiran kowa a kan piyano ba, kuma yana alfahari da hakan. A cocinsu da ke Hulme, inda yake kiɗa tun zuwansa Manchester daga Bukuru, ya san halin mutanensa sarai. Ka sassauta musu kaɗan, sai su ja waƙar yabo har ta koma ta makoki. Don haka yakan shiga gaba da ƙarfi, su biyo shi suna haki. Sauran ranakun mako bas yake tuƙawa zuwa Cheetham Hill, can ma ba a san shi da jiran mai gudu ba.

'Yarsa Zoe tun tana firamare ta fara koyon goge, irin na Turawa da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Ita ta ce violin sunansa, shi ya ce goge dai goge ne ko an sa masa kwat. Duk jarrabawar da ta yi, shi ya raka ta da piyano. Kullum da yamma suna falo, shi a kan wani tsohon piyano da wata coci ta rabu da shi, yana buga ƙafa yana ƙirga da baki, ita a gefensa tana ƙoƙarin cim masa, matarsa Catherine kuma tana kicin tana cewa su tausaya wa maƙwabta. Duk zamansa a ƙasar nan babu abin da ya kai wannan lokacin daɗi a wurinsa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai Zoe ta samu makarantar kiɗa a Birmingham, falo ya yi shiru. In ta zo hutu gogen yana cikin akwatinsa, ta ce hannunta na bukatar hutawa. A shekarar 2007 ta zo ƙarshen karatu. Za ta yi wasanta na kammalawa a gaban malamai da baƙi, daga nan ta wuce Jamus ƙarin karatu, babu ranar dawowa. Choji ya ji sunan kiɗan da ta zaɓa, wata doguwar sonata ta goge da piyano, washegari ya je gari ya sayo littafin. Abu ɗaya yake so: ya zauna a bayanta su yi kiɗa tare sau ɗaya kafin ta tafi.

Watanni ya yi yana fama. Kiɗan ya fi ƙarfin yatsun da suka saba da waƙoƙin coci, amma Choji taurin kai ne da shi. Ɓangaren piyano shi kaɗai kamar tuwo ne ba miya, ga wurare da dama da littafin ya bar wa goge fili. Shi dai in ya zo nan sai ya tsallake da sauri, don shirun yana tuna masa babu kowa a gefensa.

"Baban Zoe, ta ce maka kai za ka raka ta?" Catherine ta tambaye shi.

"Wa zai raka ta in ba ni ba?"

"To, kada dai ka riga malam masallaci."

Wata ranar Asabar Zoe ta bugo waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Daddy, Mummy ta ce ka haddace piece ɗina."

"Kusan duka," ya ce, yana gyara zama.

"Ina da pianist ai, Megan, 'yar ajinmu. Tun first year muke tare. Amma muna neman wanda zai juya mata shafi, kuma sai wanda ya san music ɗin sosai. Za ka yi mana?"

Choji ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. "Juya takarda? Ni da na koya miki riƙe bakan goge?"

"Daddy, don Allah kada ka ji haushi. Kai ja na kake yi kamar 'yan choir na coci. Wannan kuma ba mai jan wani."

Ya ce zai duba aikinsa, ya ajiye wayar. Mako guda bai taɓa piyanon gida ba. Ranar Lahadi kuwa jama'ar coci suka sha gudun da ba su taɓa sha ba, har wata dattijuwa ta tare shi a ƙofa ta tambaya ko gobara ake yi a gidansa. Amma fushi da ɗan cikinka ba ya nisa. Ranar wasan ya goge baƙar kwat ɗinsa, shi da Catherine suka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Megan 'yar ƙarama ce, hannuwanta ba su kai rabin nasa ba. Ya dube su ya yi tsaki a zuci. Ta nuna masa kujerarsa a hagunta, ta ce in ta gyaɗa kai ya miƙe ya kama shafin ta sama, ya juya, ya koma ya zauna ba motsi. Ya ce ya ji.

Da rana aka yi wasan, a wani zaure mai katako. Zoe ta tsaya a gaban piyano ta ba shi baya, kusa ƙwarai, har yana ganin zaren da ya fita a kafaɗar rigarta. Jama'a suka yi tsit. Choji ya jira ya ga wa zai ƙirga, amma ba wanda ya ƙirga. Sai ya ji Zoe ta ja numfashi ta hanci, gajere, wanda ko na layin gaba ba za su ji ba. Tana sauke shi, goge da piyano suka shigo tare kamar bakin mutum ɗaya.

Ya ɗauka sa'a ce. Da aka sake zuwa wata mashiga, ya sake jin numfashin, Megan ta sake faɗowa daidai a kansa. Yana miƙewa yana juya shafi yana komawa, kunnensa kuma yana kan bayan 'yarsa. Da suka kai ɓangaren da ake bi a hankali, aka zo ɗaya daga wuraren nan da yake tsallakewa a gida. Zoe ta riƙe murya ɗaya ta ja ta, ta ja ta, Megan kuwa hannuwanta na sama ba ta taɓa komai ba. Ƙafar Choji ta fara motsi da kanta, sai da ya danne gwiwarsa da hannu. Ashe nan ne wurin da ya fi ko'ina kyau. Kishin yarinyar nan ya kama shi, sannan kishin ya wuce ya bar shi da kewa tsagwaronta, kewar 'yar da ke tsaye a gabansa.

Aka gama, aka yi ta tafi. A barandar baya ƙawaye suka yanyame Zoe, Catherine na share hawaye da bakin gyalenta. Choji ya tsaya gefe har sai da ta kufce ta zo ta rungume shi.

"Megan ta ce ba ta taɓa samun mai juya shafi kamarka ba."

Bai kula da wannan ba. "Wannan numfashin da kike ja kafin ki shiga, a nan suka koya miki?"

Zoe ta dube shi da mamaki. "A'a, Daddy. Tun ina primary malamata ta koya mini. Ta ce haka ake gaya wa mai piyano an shirya."

"Har a gida kina yi?"

"Kullum. Kai nake yi wa."

Wani malami ya leƙo ya kira ta a ɗauki hoto. Ta matse hannun babanta ta ce tana zuwa, ta bi shi da sauri. Choji ya buɗe baki zai ce ta tsaya, sai ya fasa. Ya zauna a kan benci, ya ce wa Catherine ta je ta shiga hoton, shi zai jira.