Gishiri a Gwangwanin Wake

A makaranta kowa Kwamfuta yake kiranta, har malamai. Zango zai zo ya wuce ba ta taɓa aikin gidan da malamai ke bayarwa ba, amma jarabawar ƙarshe na matsowa sai ta haɗiye littattafan kamar ruwa, ta zo ta ɗaya. 'Yar ƙanin babanta da ke zaune a gidansu, ajinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, ita kuwa Sannu-Sannu ake ce mata. Kullum tana duƙe kan aikin gida, amma ranar jarabawa sai ta rikice, ta ƙare a tsakiyar aji.

Sai aka kawo sabuwar shugabar makaranta, ta ce daga yanzu rabin maki daga aikin gida, gwajin mako da aikin hannu zai fito. Kwamfuta ta taɓe baki, ta ci gaba da halinta. Da sakamako ya fito, ita ta fi kowa a jarabawar ƙarshe, amma da aka haɗa, ta bakwai ta zo. Sannu-Sannu ce ta biyu.

"Ashe da malama a gidan nan ba mu sani ba!" in ji Baba. Nan take ya sa aka kai wa Sannu-Sannu ƙaramin teburinsa, wanda Kwamfuta ta daɗe tana roƙo.

"Baba, ai ni na fi ta a jarabawar gaske."

"To, je ki faɗa wa shugabarku."

Mama ta tuntsire da dariya. Kwamfuta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Tun daga ranar ko ƙarar biron Sannu-Sannu a kan teburin nan haushi take ba ta.

A sabon zango malamin kimiyya ya sa kowa ya shuka wake a gwangwani, ya riƙa lura da girmansa. Na Kwamfuta ya fito a rame. Na Sannu-Sannu ya yi kore shar a bakin taga, har Mama na nuna wa maƙwabta. Wata safiya, Sannu-Sannu na wanka, Kwamfuta ta jiƙa gishiri a kofi ta tuttule masa.

Bayan 'yan kwanaki ganyen ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone. Sannu-Sannu ta rungumo gwangwanin, ido jajir.

"Yaya, ke kika san littafi. Me ya same shi?"

"Gishiri ne ya janye masa ruwa," Kwamfuta ta faɗa da sauri, don ba ta iya jin tambaya ta ƙi amsawa.

Sannu-Sannu ta dubi ƙasar, ta dangwala da yatsa ta lasa. Sannan ta ɗago ta dubi yayarta.

"Ko taɓa shi ba ki yi ba, Yaya. Ta ina kika sani?"

Kwamfuta ta kama gyaran zanin gado. Ta jira ihu, ta jira a kira Baba. Ba a kira kowa ba. Sannu-Sannu ta sake shuka wani waken, malamin ya rage mata maki saboda jinkiri, ta sauka zuwa ta huɗu. Kwamfuta, da ta fara yin aikin gida tana ƙunƙuni, ta hau ta uku.

Ranar da suka kawo sakamako Baba ya shi musu albarka su duka. Da yamma Sannu-Sannu ta naɗe katifarta, ta ce wa Mama ɗakin nan zafi ya yi mata yawa, ta koma kwana wajen Kaka.