Sheƙar Fawang

A garinmu mace za ta iya gaya miki abin da ya haɗa ta da mijinta, amma ba za ta gaya miki inda take tsinko naman kazarta ba, tsiron nan mai hula da ke fitowa da damina. Sheƙa muke kiran wurin, kowa da tasa a kan dutse. Shekara arba'in muna hawa tare da Yaya Guixiang duk damina, da mun kai mararraba sai ta ce in yi gaba za ta ɗaure takalmi. Kafin in waiga ta yi layar zana. Na bi sawunta ya fi a ƙirga, ban taɓa dacewa ba.

Sheƙar ta mijinta ce, marigayi Qi Fawang. A can yake samo wani naman kaza mai kauri, irin wanda ƙarƙashin hularsa ramuka ne ƙanana kamar soso. Mu dai mun ɗauka shi ne wanda kowa ya sani, mai yin shuɗi da an taɓa shi. Fawang ya ce sam. Ya ce nasa sai ya yi jinkiri kafin ya yi shuɗi, daga baya ya rikiɗe ja, ga zare rawaya a gindinsa. Shekara talatin yana faɗa, a kasuwa, a gidan biki, har a zaman makoki. Aka laƙaba masa Farfesa. Ba zan ɓoye ba, ni na raɗa masa sunan, kuma har ya mutu bai rabu da shi ba.

Damina uku bayan rasuwarsa wata siririyar mace mai tabarau ta zo kasuwarmu daga birnin Kunming. Malama Qiao, mai binciken naman kaza. Tana bin kwanduna tana sunsunawa ba ta saye, har ta tsaya gaban na Yaya Guixiang.

"Inna, a ina kika samo wannan?"

Matan layinmu suka kalli juna. Na ce, "Ke 'yar nan, a Kunming ba a koya muku kunya? Tambaye ta haƙoranta nawa suka rage, za ta faɗa miki. Wannan kam a'a."

Ta yi dariya, ta fito da 'yar wuƙa ta tsaga ɗaya, ta zuba wa agogonta ido. Shuɗin ya zo a hankali, can kuma ya koma ja. Ta ce, "Inna, ban taɓa ganin irinsa a littafi ba. Ina jin ba shi da suna ma."

Malama ta roƙi a kawo mata guda cikakke. To, mu a nan inda muka tsinko muke yanke gindin, mu mayar da shi rami mu rufe da ganye don baɗi, sannan mu goge sauran da ganyen kabewa. Kai wa baƙo naman kaza da ƙasa a jiki abin kunya ne. Washegari Yaya ta kawo biyar fes, a yanke, a goge. Malama ta dafe kai.

"Inna, gindin nake so, da zaren da ƙasar duka!"

"Ƙazanta kike so? To."

Ta kawo mai gindi, amma hannu ya saba, ta goge shi a hanya, zaren ya tafi. Sai Malama ta zauna a kan buhu ta faɗa mata gaskiya: sai ta ga wurin da idonta, ta ga bishiyar da yake fitowa a gindinta, ta ɗauki hotonsa a tsaye. In ba haka ba, ba za ta iya rubuta shi ba.

Sai Yaya ta ce, "In kin rubuta, za a yarda ba irin na kowa ba ne?"

"Za a yarda."

"Har da wannan?" Ta nuna ni da haɓa.

A hanyar gida na ce mata, "Yaya, kada ki soma. Matacce ba ya cin naman kaza, ke ce kike ci."

Ta ce, "Da ransa ma me ya ci ban da dariyarku?"

Maganar ta soke ni, kuma na san na cancanta.

Da sassafe Yaya da Malama suka hau dutsen. Yaya ta zagaya da ita ta bayan dutse, suka tsallake rafi sau biyu don ɓad da sawu. Malama ta yi alkawarin sunan gunduma kawai za ta rubuta, ta kuwa cika. Abin da ba wanda ya tuna shi ne takalminta. Takalmin birni ne mai zane a tafi kamar zangarniyar masara, ga ƙasa a jiƙe. Duk garin nan ba mai irinsa. Ni ma na ga sawun, na bi taku goma, na ji kunya na juyo. Wasu ba su juyo ba. Kafin kwana uku an bi wurin da manjagara, an tone har saiwa. Damina ta zagayo ko ɗaya bai fito ba, wadda ta biyo ta ma haka. Yaya ba ta zagi kowa ba, ni ce na yi ta zagi a madadinta.

A shekara ta biyu, ana saura kwana kaɗan ranar da muke share kaburbura duk shekara, ambulan ya iso daga Kunming. Takardu ne takwas da hotuna, da rubutun da ni da Yaya ba mai iya karantawa. Malama ta ja layi ja a ƙarƙashin kalma biyu, ta rubuta da namu rubutun a gefe: sabon iri ne, wannan shi ne sunansa, kalma ta biyun kuma sunan Fawang ce.

Na raka Yaya kabarin Fawang. Muka cire ciyawa, ta ajiye shinkafa da giyar masara, ta kunna takardun da ake ƙona wa matattu. Sai na ga ta zaro na Kunming daga ambulan.

"Yaya, kina hauka? Shi ke nan fa gare ki! Ki bari a manna a kasuwa kowa ya gani."

"Ai ba su aka aiko wa ba."

Ta riƙa sa su a wuta ɗaya bayan ɗaya, mai jan layin ta bar ta ƙarshe. Da ta cinye ta kakkaɓe hannu, ta matsa gefe ta ba ni wuri.

"Zo ki gaishe shi."

Na durƙusa. Da kyar na ce, "Farfesa, ka yi gaskiya."